Tukunyar Ya Falmata

Yadda muka bar gida ba abin ba da labari ba ne, kowa ya san yadda ake yi: a yi kuka, a yafi juna, a ɗora wa jaki kaya. Abin da nake so in faɗa shi ne abin da ya same mu a ƙasar Sudan, ni da maigidana, zamanin Turawa, shekarun da aka fara jin kukan jirgin ƙasa a Malam Madori. Sunana Kaltume. Shi kuwa ban kama sunansa yana da rai ba, balle yanzu. Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai wuce na salla ba. Masunci ne ɗan masunci, daga wani ƙauye a fadamar Kirikasamma, inda ruwa yake kewaye mu rabin shekara. Niyyarmu aikin hajji a ƙafa, muna tafe muna neman guzuri, kamar yadda talakawa suke yi a lokacin.

Ni tun ina yarinya nake sayar da bandar kifi a kasuwa, kuma duk wadda ta daɗe tana ciniki da 'yan sari ba ta sake yarda da murmushin kowa. An sha ce mini na cika zargi. Na ji, amma ban daina ba.

Abu guda Malam ya hana a ɗora wa jaki, a kafaɗarsa ya ɗauko shi tun daga gida, wato homarsa, ragar nan ta hannu da masunta suke kamu da ita in sun hau gora, babban duman nan da suke yawo a kansa bisa ruwa. Zarenta an sake shi ba adadi, amma sandunan na asali ne, kuma suna da tarihi. A wurinmu, in yaro namiji ya fara shiga ruwa sosai, wata rana zai ga ƙarshen fitsarinsa ya yi ja. Tsargiya muke ce mata, amma ba ma sa ta a cikin cututtuka. Alamar girma ce, kamar yadda 'ya mace take ganin nata. Wanda ya tasa bai gani ba, tsaransa har tsiya suke yi masa. Ranar da Malam ya ga nasa, da gudu ya je ya gaya wa mahaifinsa, wanda muke kira Baba. Tsohon ya yi dariya, ya shiga ɗaki ya ɗauko homar da ya sassaƙa da hannunsa, ya ce, “Yau ka shiga sahun maza.” Na ji labarin nan har na haddace shi, domin duk zangon da muka sauka sai Malam ya ba wani.

Homar nan ita ta ciyar da mu har muka fita daga Barno. A Fallomi, bakin kogin Shari, mun yi zaman watanni, shi yana kamu ni ina banda, har muka haɗa abin da zai kai mu gaba. Daga nan ruwa ya ƙare, muka shiga ƙasar Wadai. A can wani jagora ya karɓi ladansa ya kai mu rijiyar da ya san ta ƙafe, don ɗan'uwansa da ke zaune kusa ya sayar mana da ruwan salka. Tun farko na gaya wa Malam mutumin ya cika rantsuwa, ya ce in bar mutane su huta. A Darfur kuma wata tsohuwa ta ga yadda dugadugaina suka tsage, ta zaunar da ni ta shafe su da man shanu, ba ta jin harshena ba na jin nata. Da ta tafi sai na kwance kayana kaf ina duba abin da ya ɓace. Ko allura ba ta ɓace ba. Malam ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuwa haushi ya hana ni cin abinci.

A wannan busasshiyar ƙasa ce kewar gida ta kama ni sosai. Ba mutane na fi tunawa ba, warin fadama nake tunawa in ruwa ya fara janyewa, da kukan agwagin ruwa da hantsi, da miyar kifi mai daddawa. Wata rana na ji ƙanshin hayaƙin wani itace irin wanda nake banda da shi, sai na zauna a bakin hanya na yi ta kuka, Malam yana tsaye riƙe da jaki.

Da muka isa Farin Kogi, wanda daga shi sai ƙasar auduga da ake kira Jazira, muka tarar an tare hanya. Turawan Ingila ne suke riƙe da ƙasar, irin namu na gida. Sun kewaye wani fili da waya, suna kiransa karantina, kuma duk mutumin yamma sai ya tsaya a nan kafin a bar shi ya haye. Takari suke ce mana. Mu mata ido da harshe kawai ake duba mana, maza kuwa kowa sai an ba shi kwalba ya yi fitsari a ciki. Da na ji haka na ce, to, ga wani sabon abu. Me Bature zai yi da fitsarin talaka?

Muna zaune a inuwa muna jiran gobe, sai ga wani mutum da farar riga tas da hannuwa masu laushi, irin na wanda bai san fartanya ba.

“Lale, lale da mutanen gida! Daga ina? Kirikasamma? Kai, Allah mai iko! Ai ni ɗan Kafin Hausa ne, Garba sunana.”

Na ce, “Gidan wa a Kafin Hausa?”

“Ai uwargida, na daɗe da barin gida,” in ji shi, ya juya mini ƙeya ya fuskanci Malam. “Ɗan'uwa, kai mutumin ruwa ne, na san kana da abin nan na maza. Gobe in suka ga ja a kwalbarka, ko ɗigo ne, sun kulle ka ke nan a bayan wayar can har auduga ta wuce, kullum allura. Allurar kuwa, ba na son faɗa gaban iyali, amma busar da namiji take yi. Wanda ya sha ta ya gama haihuwa.”

Na kalli fuskar Malam na san maganar ta shiga. Mun yi shekaru da aure Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma rabin abin da ya fito da shi ke nan, ya je ya roƙa a Ɗakin Allah.

Garba ya ce yana da wani mutumin tudu da bai taɓa shiga kogi ba, fitsarinsa fari kamar ruwan rijiya, za a kawo a 'yar gora a ɓoye cikin wando, in an shiga bayan shinge a juye. Bai tambayi kuɗi ba, ya ga ba mu da su. Idonsa a kan homa yake, domin masuntan wurin ba su da irinta.

Na ja Malam gefe na ce, “Malam, mutumin da yake sayar da fitsari, me ya rage bai sayar ba?”

Ya ce, “Kaltume, ke kowa ɓarawo ne a wurinki. In suka busar da ni, in koma in ce wa Baba me?”

Ban yarda da Garba ba ko kaɗan. Amma Turawan ma ban yarda da su ba, don a ganina wayo ne kawai na kulle ƙarti a yi musu abin da aka ga dama. Abin da kowane namijin garinmu yake da shi, ta yaya zai zama ciwo? Sai na bar shi ya ba Garba homar. Washegari Malam ya wuce lafiya, aka ɗaura masa wani ɗan ƙarfe mai hatimi a wuyan hannu, shaidar cewa an duba shi ba shi da komai. Muna cikin kwalekwalen fito na hango homarsa a kafaɗar wani baƙin masunci. Malam ma ya gani, ya kau da kai ya kalli ruwa.

Jazira ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba kwari, an tsaga ta da magudanan ruwa miƙaƙƙu, ko'ina auduga. Gonakin na kamfani ne da 'yan ƙasa, mu Takari namu tsinka da shara. Muka sauka a wani zango na bukkoki inda mutanenmu suke, Hausawa da Barebari da Fulani. Ba mu gama kafa bukka ba aka ce mu je mu gai da Ya Falmata.

Babarbariya ce daga wajen Nguru, ta zo tun da daɗewa da mijinta, ya rasu a nan ta zauna. Mace ce ƙatuwa, Larabci a bakinta kamar a can aka haife ta. Mun same ta a rumfa, gefenta wata tukunya da ta kusa kai ƙirjina.

“Wushe, wushe, sannunku da hanya,” in ji ta. “'Yata, zauna ki ji dokar zangon nan. Kowace Juma'a kowace bukka tana kawo ƙoƙo guda na dawa a zuba a tukunyar nan. Wanda ciwo ya kama, ni zan kai shi wurin hakim, wato mai magani, in yi masa tafinta. In abin ya kai ga babban asibiti na birni, tukunya ce za ta biya mai amalanke, ita za ta ciyar da shi da mai jinyarsa. A can ba a ba baƙo abinci, kuma in ba ka da mai magana a bakinka, ka wuni a rana ba wanda zai dube ka. Wanda ba ya zubawa kuwa, ba na ɗaukarsa.”

Na ce, “To Ya, in shekara ta zagayo ban yi ko mura ba fa? Za a mayar mini da dawata?”

“A'a.”

“Rabi fa?”

“Ko ƙwaya. Sai ki gode wa Allah wani ne ya ci ba ke ba.”

Na ce, “To wannan ai caca ce.”

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa Malam, “Ɗana, a ina ka samo wannan?” Malam ya ba ta haƙuri, ya ce za mu riƙa zubawa. Muka riƙa zubawa, amma kowace Juma'a ni nake kaiwa da kaina, in tsaya har a juye, in leƙa cikin tukunyar. Ni mai awo ce, tun ranar farko na lura ƙoƙonta ya fi na kowa zurfi. Na kuma lura duk zangon ita kaɗai ce ba ta rame ba.

Da tsinkar auduga ta wuce, Malam ya samu aikin share ciyawa a magudanai. Sauran mutane gudun aikin suke yi, shi kuwa murna ya yi, ya ce ko ba kifi dai ya shiga ruwa. Ba a daɗe ba ya fara dawowa yana riƙe da ƙugu. Sai zazzaɓi, yau ya sauka gobe ya dawo. Mutumin da yake iya wuni a kan gora sai ga shi yana haki in ya ɗauko tulu. Fuskarsa ta fara kumbura da safe, tafin hannunsa ya yi fari fat. A nan tsoro ya fara shigata, domin ba ni da kowa a ƙasar nan sai shi.

Ya Falmata ta ɗora shi a jakinta ta kai mu ɗakin shan magani na kamfani. 'Yan ƙasa aka fara gani, mu Takari sai da rana ta karkata. Hakim ɗin saurayi ne ɗan ƙasar, da gajiya a fuskarsa. Ya taɓa cikin Malam, ya juya ƙarfen nan na wuyan hannunsa ya duba, ya gyaɗa kai. Akwai kwalabe jere a kan teburinsa, amma da ya ga hatimin bai miƙo ko ɗaya ba.

“Ya ce ban da zazzaɓi da ƙugu, akwai wani abu da yake damunka?” in ji Ya Falmata.

Malam ya ce, “Babu.”

Ba ƙarya ya yi ba, iyakar saninsa ke nan. Ni ma ina tsaye a wurin, jan fitsari bai zo mini a rai ba, kamar yadda ba zan ce wa mai magani mijina yana da gemu ba. Aka ce masassara ce, aka ba shi wani magani mai ɗaci da yake sa kunne ƙara.

Ya sha har ya ƙare, muka koma aka ƙara, jiki sai baya yake yi. Ni kuwa na gama haɗa lissafina: Ya Falmata da hakim bakinsu ɗaya, ana ba Takari ruwan banza, maganin kirki ana sayar wa masu gona, dawarmu kuma ana raba ta. Ranar wata Juma'a na faɗa mata haka a gaban mata, na ƙara da cewa na gan ta da idona tana ɗiba daga tukunya tana tuƙa tuwo.

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, “Ina ci mana. Da iska zan rayu? Ni da nake wuni a ƙofar asibiti saboda ku, yaushe zan tsinki auduga? Jakin da ya ɗauki mijinki ma a nan yake ci. In kin samu wadda za ta yi kyauta, ki kawo ta in huta.” Na juye dawata na tafi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina wanki a bakin magudana, sai ga ta a kan jaki za ta wuce. Ban gaishe ta ba. Ta ja linzami ta tsaya tana kallon ruwan da nake matsewa.

“Wannan naki ne?”

Na ce, “Wandon Malam ne.”

“Tun yaushe yake haka?”

“Tun yana yaro mana, kamar kowane namiji. Sai dai kwanan nan ya ƙaru, har da guda-guda.”

Ta sauko daga jakin da ƙyar, ta zauna daɓas a kan laka, ba ta ko damu da zanenta ba. “To ya aka yi ya wuce karantina?”

Na ci gaba da matse wandon.

“Garba,” in ji ta. “Ɗan banzan nan in ya ga Bakano ɗan Kano ne, in ya ga Babarbare ɗan Kukawa ne. 'Yata, ruwa ɗaya muke sha da ku, Nguru da Hadeja. Ni ma haka na taso na gani, 'yan'uwana maza har alfahari suke yi da shi. Mijina haka ya riƙe ƙugu, haka ya kumbura, ina wanke masa jini kullum ban san shi ne yake cinsa ba. Sai da ya kwanta ba tashi aka gaya mini. Tashi, bar wankin nan.”

Ta shiga bukkarmu ba sallama, ta kama hannun Malam, ta zaro wuƙa ta yanke zaren ƙarfen nan ta jefar da shi bayan shinge. Kafin azahar ta samo amalanke. Ina gani ta ɗebi dawa daga tukunya ta auna wa mai shi, da ƙoƙon nan nata mai zurfi.

A babban asibiti ta yi ta faɗa da masu gadi da Larabci har aka shigar da mu. Wannan karon aka ba Malam kwalba, kuma nasa ne ya shiga ciki. Likitan Bature ne, dogo, jajir. Ya ɗiga a kan ɗan gilashi, ya sa a ƙarƙashin wani bututun ƙarfe, ya leƙa, ya yi tsaki. Ya Falmata ta gaya masa ni ba na yarda da abin da ban gani ba, sai ya matsa ya ce in leƙa. Na ga wasu abubuwa barbaje kamar ƙwan kifi, kowane da ɗan tsini. Na ce ai zana su aka yi a cikin bututun. Likitan ya zare gilashin ya ce in sake leƙawa, na ga wayam. Ya mayar, suka dawo.

Abin da ya faɗa, ta bakin Ya Falmata, shi ne tsutsa ce ta ruwa take zama a jikin mutum tana zuba ƙwai shekara da shekaru, wasu su tsufa da ita, wasu ta lalata musu ciki. Ta Malam ta taɓa ƙoda. Da a karantina aka kama, lokacin da ya zo da ƙafarsa da ƙarfinsa, allura za ta raba shi da ita. Yanzu kuwa allurar tana da ƙarfi, jikinsa ba shi da shi. Tana iya tashinsa, tana iya fin ƙarfinsa. In ba a yi ba kuma, ba ya jin zai ga wata audugar.

Malam yana kwance ya ji duka. Ya juyo ya ce, “Kaltume, ke da ba ki yarda da kowa ba, me kika gani?”

Na ce ya ba ni zuwa la'asar. Na bi ɗakin gado-gado ina yi wa mutane tambaya kamar mai sayen akuya. Na ga masu shan allurar suna tari suna amai, amma na ga wasu suna naɗe tabarma za su gida. Na tare wani Bazazzagi da ya dawo duba ƙaninsa, wanda aka ce ya sha tasa bara, na cire kunya na tambaye shi maganar haihuwa. Ya yi dariya ya nuna mini matarsa a bakin ƙofa da ciki ya fito. Na koma na ce wa Malam, “A yi.”

Kwanakin da suka biyo baya kunun tukunya muka sha, safe da yamma, Ya Falmata tana aiko da shi ko ta kawo da kanta. Duk ranar allura Malam sai ya yi tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Wata safiya ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa, ya nuna mini kaskon da ke ƙarƙashin gado. Ba ja a ciki. Tun yana yaro bai ga haka ba. Da farko tsoro ne a idonsa, sai kuma ya yi murmushi ya ce, “Dubi, kamar na jariri. In mun koma kada ki gaya wa Baba, zai ce na zama mace.” Muka yi dariya, na ɗauka mun haye.

Ba mu haye ba. Kumburin ya hau har ƙirji, fitsarin ma ya ɗauke gaba ɗaya, ya daina gane ni. Ranar wata Laraba bayan azahar ya cika, kansa a cinyata. Likkafaninsa daga tukunya ya fito, masu haƙa kabari ma ita ta sallame su. Ya Falmata ta kai ni bukkarta na yi takaba a can.

Makka ban je ba, ba muharrami. Na yi shekara biyu ina suyar ƙosai a zango, ina zuba ƙoƙona kowace Juma'a, har na samu ayarin masu komawa gida. Ranar rabuwa na ce mata, “Ya, har yanzu dai ƙoƙon nan naki ya yi zurfi.” Ta ce, “Tafi can, mai baƙin baki,” ta rungume ni, muka yi kuka.

Labarin rasuwar ya riga ni isa gida, amma ba a san yadda aka yi ba. Na durƙusa a tsakar gidan surukaina na faɗi komai. Baba yana gefe yana ɗinke wata fasasshiyar gora, bai ɗago ba. Mahaifiyar Malam, Inna, ita ta yi magana.

“Tsargiya? Tsargiya ce ta kashe mini ɗa? Ga ubansa nan da furfura, yana da ita. Kakansa da ita ya tsufa. Ke dai faɗi gaskiya, allurar Nasara ce. Wa ya ba su izini su soka masa?”

Na ce, “Ni ce, Inna.”

Daga ranar magana ta bazu cewa na kai mijina Turawa sun kashe shi. Matan da muka taso tare suka daina sayen bandata, in na doso mashaya sai hira ta mutu. Ni da na yi rayuwata ina zargin mutane, sai ga shi ni ake nunawa da baki. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da ni kaina nake tambayar zuciyata ko da ban ce a yi ba da ya ƙara ko wata guda.

Da ruwa ya fara janyewa, wata safiya ina wanke kifi ni kaɗai a bakin fadama, sai na ji takun mutum a bayana. Baba ne. Suruki ba ya tsayawa da matar ɗansa a waje, don haka na yi sauri na durƙusa na sunkuyar da kai.

Ya tsaya daga gefe ya ce, “Kaltume, homar fa? Ban gan ta a kayan da kika kawo ba.”

Na gaya masa inda ta tafi, da abin da aka saya da ita.

Sai ya ce, “Ƙwan nan da kika ce, da idonki kika gani?”

“Da idona, Baba. An cire na ga babu, an mayar na ga sun dawo.”

Ya juya yana kallon ruwa. Can nesa Sale ne a kan gora, ƙanin Malam, magidanci da 'ya'ya biyu, shi kaɗai ne namijin da ya rage masa.

“Sale ya fara riƙe ƙugu,” in ji shi. “Allurar nan, akwai ta a Kano?”

“An ce akwai, Baba. Amma sai yana da ƙarfinsa.”

“To ranar kasuwa za mu Malam Madori mu hau jirgi, ni da shi da ke. Ke kika san yadda ake magana da su. Kada uwarsa ta ji.”

Na ce to. Ya juya zai tafi, ya yi taku kaɗan ya tsaya, bai waiwayo ba.

“Da gudu ya zo ya nuna mini,” ya ce. “Ni kuma na yi dariya, na ba shi homa.”

Ya bi gefen ruwa ya nufi gida a hankali, ni kuma na ci gaba da wanke kifina ina kuka.